Ranar da Na Mayar da Malam Ishaya Saniya

Ba zan taɓa mantawa da taron malaman nan ba, ko da na so. Ni ke koyar da aikin gona a wata sakandare nan Zuru, kuma a lokacin ana neman wanda za a ba mataimakin shugaban makaranta, tsakanina da Malam Ishaya mai lissafi. Na riga shi fara aiki, na fi shi baki, amma kowa sai Ishaya, Ishaya. Mutumin da ko gaisuwa sai ya yi nazari kafin ya amsa. Ba zan ɓoye muku ba, baƙin cikinsa nake yi. (Har takalminsa na taɓa kushewa, alhali iri ɗaya ne da nawa.)

Shugaba ya tashi yana jawabi da Turanci, ya nuna Ishaya ya ce mutum ne mai "ruminating". Wani daɗi ya lulluɓe ni. Ai wannan kalma a gonata aka shuka ta, kullum ina rubuta wa yara ita a allo: tuƙa, yadda saniya ke dawo da ciyawa daga ciki ta sake taunawa. Na ce a raina, yau an zage Ishaya tas, shi kuwa yana ta murmushi. Ina zan bari wannan garaɓasa ta wuce?

Na ɗaga hannu, na yi fuskar tausayi. "Ranka ya daɗe, gaskiya bai dace a kira abokin aikinmu saniya a gaban jama'a ba." Don kada a bar kowa a baya, na ƙara da bayanin yadda cikin saniya ya kasu kashi huɗu. (Allah ya sani, har muƙamuƙi na motsa don in nuna musu.)

Malama Rifkatu mai koyar da Turanci ta jawo gefen rigata. "Malam, zauna don Allah. Zurfin tunani yake nufi, mutum ya juya magana a ransa kafin ya furta."

Shugaba ya cire tabarau ya dube ni. "Na gode, Malam. Da ma ina ta waswasi a kanku ku biyu, yanzu ka sauƙaƙe mini."

Yau ga ni, duk Litinin nake kai wa Ishaya tsarin darasina ya sa hannu, in kuma ce masa ranka ya daɗe. Abin da na koya dai: in hassada ta sa maka magana a baki, tauna ta sau biyu. Saniya ma haka take yi, kuma ban taɓa jin ta rasa kujera ba.