Reshen da Ya Tsallako daga Virginia

"Ni Almu, iska ba ta shiga Maryland sai ta biyo ta ƙofar gidana ta gaishe ni. Abin da kuke samu a unguwarku ta Hyattsville ragowa ce."

Haka Alhaji Almu ya faɗa mana ranar Babbar Sallah a nan Amurka, yana riƙe da haƙarƙarin rago yana nuna mutane da shi. Ma'aikaci ne a wani ofishin gwamnati a unguwar Southwest cikin birni, aikinsa sayo kujeru da takardu, amma in kun ji shi yana maganar hadari sai ku rantse shi ke raba wa gajimare aiki da safe.

Bari in gaya muku yadda abin yake. Mazanmu uku ne suka ɗauki wannan cuta: shi Alhaji, da maigidana Malam Nasir, da Oga Dung, mutumin Jos, nas ne a asibiti. Kowa ya sayi na'urar auna iska, wata 'yar aba mai ludayi uku da ke juyawa, ya kafa a gidansa. Da kaka ta yi, ganye ya fara zuba, shi ke nan mun rasa mazajenmu. Kuma suka ƙirƙiro wata al'ada: duk wanda guguwa ta fi yi wa ɓarna, gidansa za a taru a yi jaje. Mu mata mu kai abinci, shi kuma ya zauna a tsakiya ya ba da labari, ba mai katse shi.

To wannan zama a tsakiya shi ne Alhaji bai taɓa samu ba. Gidansa a Fort Washington cikin kwari yake, tudu gaba tudu baya. Iska tana wucewa ta samansa ko kallonsa ba ta yi. Maigidana ya sa wa na'urar Alhaji suna Mai Azumi, don ba ta motsi sai da yamma, shi ma kaɗan. Shekarar da ta gabata bishiya ta faɗa wa motar Oga Dung, muka je jaje da masa da kunun gyaɗa. Kowa na tausaya wa Dung, Alhaji kuwa yana gefe yana kallon motar kamar an raba gado an hana shi.

Sai ga labari a talabijin cewa wata babbar guguwa, Sandy, tana tafe bayan Sallah.

"Bana a gidana za a yi," in ji Alhaji. "Sailuba, naman layyar nan kada ki sa a firiza. Soya shi duka, baƙi na zuwa."

Hajiya Sailuba matarsa ta ce, "Alhaji, wa ya taɓa shirya jaje tun abu bai faru ba? Mutane na addu'ar Allah ya tsare, kai kana gayyata."

"Ke ba ki san ilimin sama ba. Soya kawai."

Ya fara shiri. Kowa a unguwa yana shigar da kayansa ciki, Alhaji yana fitar da nasa. Kujerun roba, tsohuwar lema, har butar alwala, duk ya jera su a tsakar ciyawa don iska ta samu abin ɗauka. Sannan ya ce matsalar Mai Azumi gajarta ce. Ya cire sandar labulen falo, ya haɗa da sandar goge ƙasa, ya ɗaure da igiyar shanya, ya kafa a kan rufin baranda, na'urar tana can sama tana lilo.

Ranar Litinin da la'asar iska ta fara. Ba ma ta gama gyara murya ba sandar ta karye. Mai Azumi ta gangaro ta faɗa cikin matakalar ɗakin ƙasa, inda ko kyandir aka kunna ba zai mutu ba. Can ta kwana. Hajiya ta ce min allon na'urar da ke cikin falo gudun mil huɗu a awa ya nuna, Alhaji ya juya shi ya kalli bango.

Da gari ya waye aka haɗa waya, su ukun. Ina kusa ina jin komai.

Oga Dung ya ce, "Ni hamsin da takwas na gani. Shingen baya ya kwanta."

Maigidana ya ce, "Ni sittin. Ba wuta, rufi ya ɗaye ta gefe ɗaya. Alhaji, Mai Azumi ta sha ruwa kuwa?"

Ashe Alhaji yana tsaye a taga yana kallon tsakar gidansa. Kujeru na nan. Lema na nan. Buta ko juya baki ba ta yi ba. Wutar lantarki ma ko ƙiftawa.

Ya ce, "Ku kuna maganar lamba. Ni tawa na'urar iska ta tsinke ta. Abin da ya faru a nan baki ba zai iya faɗa ba."

"Subhanallahi," in ji maigidana. "To bayan azahar muna tafe mu gani."

Nan fa ido ya raina fata. Alhaji ya zura takalmin ruwa ya hau tudu. A can sama akwai wata dattijuwa Ba'amurkiya, Madam Constance, wadda ƙatuwar bishiyarta ta tsage biyu ta cika mata gida. Ya gaishe ta, ya yi mata jaje, sannan ya ce ko za ta ba shi reshe ɗaya.

Ta ce me zai yi da shi?

Ya ce ai su mutanen Afirka ba sa wasa da itace, gashin nama suke yi, ko nawa ya samu yana so.

Matar nan har da rungume shi.

Ya zaɓi reshen da ya fi kowanne girma, ya kama ya fara ja. Mutum mai tumbi, ga taɓo, ga gangara. Rabin hanya reshen ya fi shi sauri, ya zama shi ake ja. Suka iso tare, reshen ya daki akwatin wasiƙunsa ya karya. Hajiya ta fito da gudu tana salati, ta tarar da shi zaune a taɓo, riga a yage, yana kallon akwatin yana murmushi.

"Alhamdu lillahi," in ji shi. "An fara samu."

Ya jingina reshen da baranda, ya kifar da kujeru da ƙafa, ya jefa buta cikin furanni, ya shiga ya yi wanka ya sa babbar riga.

Muka iso bayan azahar, ni da maigidana da Oga Dung da matarsa Kaneng, da kulolinmu. Alhaji ya tarbe mu yana dafe da ƙugu, shi kam wannan ciwon na gaske ne. Aka ajiye masa kujera a tsakiyar baranda. Ya zauna, ya gyara hula, ya buɗe baki.

"Wato da misalin..."

"Alhaji, yi haƙuri," in ji Oga Dung. Yana tsugune yana juya ganyen reshen. "Bishiyoyin gidanka duk masu ganye kamar allura ne. Wannan ganyensa faɗi gare shi kamar tafin hannu. Daga ina?"

Alhaji ko gezau. "Daga Virginia."

"Virginia? Wata jihar, can tsallaken kogi?"

"Ta saman kogi ya tsallako. Da idona na gan shi yana tahowa, yana juyi kamar jirgi mai saukar ungulu. Ka ga irin iskar da nake gaya muku ke nan."

Kaneng ta ce, "Kai, sannu Alhaji. Allah ya kiyaye gaba." Ita da gaske take, baiwar Allah.

Maigidana kuma ya zaga baya, hannu a aljihu. Ya dawo ya ce, "Alhaji, akwai wani abin mamaki. Reshen nan da ya sauka daga sama, sai ya ja ciki a taɓo tun daga kan tudu. Ga sawunsa nan kamar an yi huɗa."

"Iska ce ta ja shi."

"Da sawun takalmi a gefe."

"Malam Nasir, matsalarka ke nan, gardama. An zo jaje ko an zo bincike?"

Hajiya Sailuba dai tana ta zuba nama a faranti, kanta a ƙasa, kafaɗunta na rawa.

Alhaji ya sake gyara zama zai ɗora daga inda ya tsaya, sai muka ji hon. Wata a-kori-kura ce ke gangarowa a hankali, bayanta maƙil da rassa. Ta sa sigina, ta juyo da baya, ta shigo har kan ciyawar Alhaji. Madam Constance ta sauko tana fara'a.

Da Turancinta ta ce, "Mista Almu, na ga yadda ka sha wahala da safe, har ka faɗi sau biyu, na ce wannan bawan Allah ba zai iya jan sauran ba. Ga shi na kawo maka. Kuma na gaya wa maƙwabta kana so."

Muka ɗaga kai. Wallahi layi ne a kan tudu. Wani da baro, wani da mota, wani tsoho yana jan nasa da igiya. Duk wanda guguwa ta bar wa itace a unguwar nan ya samu inda zai kai. Alhaji ya miƙe yana ɗaga hannu yana "No, no," su kuma suna ɗaga masa hannu suna cewa ba komai, ai maƙwabtaka ce. Kafin mu gama cin nama ba a ganin motarsa, ƙofar gareji ta toshe, wani kututture ya murƙushe lemar.

Oga Dung ya share hawaye ya ce, "Gaskiya Malam Nasir, mu ba shi. Yanzu kam duk cikinmu ba wanda ya kai shi ɓarna. Sati zai yi yana kwasa."

"Na yarda," in ji maigidana. "Jaje nasa ne."

"Saura lamba. Alhaji, tunda na'urarka ta karye, iskar da ta kawo maka wannan kaya mil nawa za mu ce tana gudu?"

Alhaji ya koma kan kujerarsa ya zauna.

Hajiya Sailuba ta ajiye masa kofin kunu a gabansa, ta ce a hankali, "Ashirin da biyar. Iyakar gudun mota ke nan cikin unguwa, kuma Madam Constance ba ta karya doka."