Ranar da na auna wayoyin 'yan ajina

Ba zan taɓa mantawa ba, ranar Laraba ce, a shekarar da aka rufe ramin yuraniyum na Akokan. Lokacin ina koyar da lissafi a wata lise, wato babbar sakandare, a Arlit, ajin masu shirin bak, jarrabawar gama sakandare. Gari ya mutu murus, iyaye maza sun watse neman abinci, makin yara ya zube. Ni kuwa, da yake ba na rasa bayani, na ce waya ce ta cinye su. Na miƙe a taron malamai na ce a bar ni in auna.

Kowace waya tana ajiye awowin da mai ita yake yi a kanta kullum. Sai na rubuta doka a allo, har da ja mata layi biyu: duk wanda ya wuce awa huɗu a yini, za a karɓe wayarsa sai bayan bak, a kuma kira uwa ko uba. (Awa huɗun nan daga kaina na ƙago ta, ban karanta ta a ko'ina ba.) Har shugaban makaranta na gayyato, wani dattijo mutumin Tawa, ya zo ya ga aiki.

Benci-benci nake bi, ina leƙa waya ina girgiza kai kamar likita. Na iso kan Rakiya, yarinya mai shiru. Awa shida.

"Mushe, don Allah ka yi haƙuri," in ji ta (Mushe shi ne Malam a bakin 'yan makarantunmu, daga Faransanci). "Tun da aiki ya tsaya Baba ya tafi haƙar zinari, ta nan kaɗai yake samunmu. Kuma ni ke amsa wa Inna masu sayen turarenta."

Na ce doka ba ta san wannan ba. Na jefa wayar a aljihun tebur. Ba ta yi kuka ba, ta dai sunkuyar da kai.

Shugaba ya gyara zama. "Mushe, aiki ya yi kyau. Kawo taka su ga yadda ta mai hankali take."

Wallahi da fara'a na miƙa. A zatona awa biyu ce, in ta yi yawa. Ya sa tabarau ya karanta da ƙarfi: "Awa tara da minti arba'in." Bawan Allahn nan bai tsaya nan ba, ya ce bari ya ga inda awowin suka tafi. Yana latsawa sai ga gangar kokowa ta cika aji, maroƙi na zuba kirari. Innalillahi! Na ce ai bincike nake yi. (Binciken me, ni ma ban sani ba.)

Wani ɗalibi daga baya ya ɗaga hannu cikin ladabi. "Mushe, a ba mu lambar Hajiya mahaifiyarka a Zinder. Doka ta ce a kira uwa."

Dariya kam har 'yan ajin kusa sai da suka leƙo. Shugaba ya jira ta lafa, sannan ya ce, "To, ko a karɓe biyu, ko a mayar da biyu. Kai ka yi dokar, zaɓi."

Na buɗe aljihun tebur na miƙa wa Rakiya wayarta da hannu biyu. Ta ce, "Na gode, Mushe." Ita kaɗai ce ba ta yi dariya ba, kuma wannan ya fi komai ba ni kunya. Da hannun rigata na goge allon.

Har yau ina nan a kan bakana, yara sun cika latsa waya. Amma yanzu kafin in auna ta wani, sai na kulle ƙofa na leƙa tawa. Sunan Mushe Awa Tara kuwa, har masu kabu-kabu da shi suke tsayar da ni.