Gidan Alhaji Buba Daga Sama

Ko daga barci aka tashe ni, ba zan taɓa mantawa da daminar da na haska gidan mutane a bango ba, gaban dattawan gari.

Lokacin ina aiki a wani shagon intanet a Azare. Kogin Jama'are ya yi ambaliya ya yanke ƙauyukan gefen Katagum, sai wata ƙungiyar agaji ta turo ma'aikacinta, Malam Yakubu. Ya ɗauke ni in riƙa sauko masa da hotunan tauraron ɗan'adam, don a ga inda ruwa ya cinye hanya da inda motar hatsi za ta iya bi.

Aikin ya shiga raina sosai. Malam Yakubu yana da wata 'yar na'ura, in ka tsaya a wuri ka danna sai ta ba ka lambobin wurin. Ka aika da lambobin, hoton wurin ya zo. Ya ce hoton ya fi ƙarfin kwamfuta ɗaya, don haka kwamfutoci masu yawa a ƙasashe daban-daban suke raba aikin, kamar gayya a gona, kowace ta kama kunyarta.

"Malam, yanzu ko'ina ana iya gani?"

"Ko'ina, in dai kana da lambobinsa."

Da ma bai faɗa mini haka ba. A lokacin ina neman auren Binta, 'yar Alhaji Buba mai hatsi, kuma wani abokina ya tsegunta mini cewa akwai wata jar mota da take yawan tsayawa a ƙofar gidansu. Na kasa tambayarta (kada a ce na cika kishi tun ba a kai ko goro ba). Da na je zance da yamma sai na tafi da na'urar a aljihu. Binta tana ba ni labarin ɗinkinta, ni kuwa hannuna yana cikin aljihu yana lalube har na danna. Washegari na cusa lambobin gidansu cikin na ƙauyuka na aika gaba ɗaya.

Intanet ɗin lokacin sai haƙuri. Hotunan ba su gama saukowa ba sai dab da taron kwamitin agaji, ban samu na duba ko ɗaya ba. Shugaban kwamitin kuwa Alhaji Buba ne da kansa, don shi ya ba da motocinsa. Na haɗa majigi ina ta ƙwalisa, yau surukin gobe zai ga irin yaron da ke zuwa gidansa.

Na buɗe hoton farko. Rufin kwano, bishiyun mangwaro biyu, tankin ruwa.

"Wane ƙauye ne wannan? Ba ruwa ko ɗigo," in ji wani dattijo.

Malam Yakubu ya ce, "Alhamdu lillahi, tudu ne. Nan za mu fara jibge hatsin."

Alhaji Buba ya tashi, ya gyara tabarau, ya matsa har inuwarsa ta rufe rabin hoton. Ya daɗe yana kallo.

"Malam Yakubu, wannan ai gidana ne. Ga mangwarona, ga garken awakin Hajiya. Yaushe ruwa ya zo Azare ban sani ba?"

Kowa ya juyo kaina. Wallahi na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. Mutane suna can kan tudu da yara suna jiran abinci, ni kuma na sa kwamfutocin duniya gayya a kan kishina. Wani ƙarin abin haushin, hoton tun na rani ne, ko sabon zauren gidan babu, balle mota.

Nan da nan na buɗo na ƙauyukan, su kam sababbi ne. Aka ga hanyar da ruwa bai ci ba, motoci suka tashi bayan azahar. Ina naɗe waya a sace Alhaji ya yafito ni. Na durƙusa.

"Kai, me kake nema a gidana?"

"Alhaji... wata jar mota ce aka ce..."

"Ta ƙanena ce, baffan Binta." Ya girgiza kai. "Ka gaya wa babanka ya turo manya ranar Juma'a. Tunda har ta sama kake leƙo ni, gara ka shigo ta ƙofa in riƙa ganinka."

An ɗaura auren bayan kaka. Abin da na koya shi ne, in abu ya dame ka game da gidan mutane, ka yi sallama ka tambaya. Kunyar ba ta wuce ta mutum biyu, tawa kuwa da majigi aka nuna ta.