Rabin Makin da Na Share a Musabaka

Ba zan taɓa mantawa ba da musabakar Alƙur'anin da ta haɗa makarantun Islamiyya na Karaye da Rogo. Ni malamin kwamfuta ne a wata sakandare, kuma ni na kai kaina gaban kwamiti (ba wanda ya kira ni) na ce zamanin tara maki da fensir ya wuce. Na rubuta musu manhaja: alƙalai su ba da maki, in shigar, ta tara, majigi ya haska sakamako a bango.

Duk wanda ya san musabaka ya san halin alƙalai. Mai karatu ya gajarta madda, a cire rabin maki. Gunna ba ta fito sosai ba, a cire kwata. To da na gwada manhajar a gida, sai na ga lambobi irin su 96.75 sun ɓata mini layi. Na sa ta daina nuna abin da ke bayan ɗigo, ta cike zuwa lamba mafi kusa. Allo ya yi fes, har hoto na ɗauka na tura wa abokai.

A rukunin izu ashirin na 'yan mata, ta ɗaya kaɗai za ta wuce zuwa zagayen Kano. Majigi ya nuna Sa'adatu ta Kurugu 97, Hajara ta Gwangwan 97, Sa'adatu a sama. (Daga baya na gano cewa in lamba ta zo ɗaya, sunan da aka fara shigarwa manhajata take ɗorawa a sama.) Mai sanarwa ya waiwayo ya ce, "Malam, kunnen doki ne?"

Na ce, "Kwamfuta ba ta kuskure. Ta sama ita ce ta ɗaya."

Aka yi kabbara. Sa'adatu ta karɓi takardar shaida, mahaifinta yana ta gaisawa da jama'a. Sai babban alƙali, Malam Bello, dattijo mai ɗan littafi da guntun fensir, ya yafito ni.

"Ɗan nan, zo."

"Na'am, Allah gafarta Malam."

"Hajara casa'in da bakwai da kwata ta ci. Sa'adatu casa'in da bakwai ba kwata. Ina ka kai mini rabin maki?"

Na ce na ɗan gyara ne don allo ya yi kyau. Ashe makirufo a kunne yake.

Ya ce, "Yarinya ta shekara tana gyara gunna, kai ka share don bango ya yi kyau."

Kunya ta kama ni har na rasa inda zan sa hannuna. Sa'adatu da kanta ta tashi ta miƙa wa Hajara takardar, ta koma ta zauna ta ja mayafi. Da aka watse, mahaifin Sa'adatu ya same ni ina naɗe waya. Bai ɗaga murya ba. Cewa ya yi, "Malam, da tun farko ka bar mu a na biyu, da murna za mu koma Kurugu."

Kwamiti ya koma fensir. Ni kuwa tun daga ranar ba na taɓa abin da ke bayan ɗigo. Ko kujerun aji na ƙirga, kwamfutata 40.00 take nunawa, kuma a haka nake barinta.