Riyalin Da Na Kushe a Gonar Awali

Akwai ranar da na yi ta lallashin zuciyata ta manta da ita, amma ta ƙi, kuma na san ba za ta mantu ba ko da na tsufa har na daina gane jikokina. Ranar walimar auren yayan Safiya ce, yarinyar da nake nema, a gonar dabinonsu da ke Awali, a gefen birnin Manzon Allah.

A lokacin ina gyaran agogo a wani ɗan shago a unguwar Sultana, agogunan batir sun fara cika gari suna rage mana aiki. Zaman banzan nan ne ya jefa ni tara tsofaffin riyalan azurfa, waɗanda Larabawa ke kira riyal faransi, tsofaffinmu kuma su ce liyari. Da irinsu kakanninmu suka keto Sudan a ƙafa zuwa aikin Hajji, an ɗinke musu su cikin ɗamara. Duk kamarsu ɗaya: wata sarauniya mai kumatu a gaba, tsuntsu mai kai biyu a baya, har shekarar da ke jikinsu ma ɗaya ce. Abin da ke raba wani da wani shi ne bugu.

Wani tsohon sarrafi Bayamane, mai canjin kuɗi kusa da Harami, shi ne ya koya mini dubawa. Idan ƙarfen bugu ya sauka da ƙarfi, gashin sarauniya zai fito sili-sili, 'yan duwatsun da ke kafaɗarta su tsaya kowanne da kansa, gashin wutsiyar tsuntsu kuma ya rabu tsaf. Idan bugun ya yi rauni, tsakiyar sai ta fito a shafe, alhali rubutun gefe na nan da kaifinsa. Wanda ya sha yawo a hannun mutane kuwa ko'ina yake cinyewa, har baki. Ilmin nan bai fi na yammaci biyu ba, amma ni na ɗauke shi kamar na gama jami'a. Na riƙa yawo da madubin gyaran agogona a aljihun jallabiya, ko gidan gaisuwa na je (Allah ya yafe mini, har a zaman makoki na taɓa duba riyalin wani). Mahaifiyata kan ce, "Kai dai da za a ba ka mutum a hannu, juya shi za ka yi ka duba bayansa."

Safiya kuwa shekara uku ke nan da manyana suka je neman mini aurenta. Mahaifinta, Ammi Usman (wato Baffa Usman), ya ce a bari ta gama makarantar malamai. Ta gama, har ta fara koyarwa, amma maganar sa rana shiru. Ammi Usman mutum ne da zai yi awa guda a majalisa bai ce komai ba sai "tayyib", wato "to, madalla". Ban taɓa sanin matsayina a wurinsa ba, kuma abin na ci mini rai. Na ƙudurta a walimar nan sai na nuna masa cewa ba kowane irin saurayi zai ba 'yarsa ba.

Bayan La'asar aka gama cin shinkafa da rago, aka shimfiɗa darduma a inuwar dabino, gahawa ta fara zagayawa. Dattawa sun kai ashirin, daga na Kano da na Damagaram har 'yan uwanmu na Sudan. Ina daga ƙarshen darduma sai na ji Ammi Usman ya kira sunana, ya ce in matso. Bai taɓa kirana a cikin mutane ba sai ranar. Ya zaro wata 'yar jakar fata daga aljihun gaba, ya fito da riyalin azurfa ɗaya ya miƙo mini.

"Ya waladi, ɗana, an ce kai ne ka san waɗannan. Faɗa wa baffanninka abin da ka gani."

Da ina da hankali da na ce ma sha Allah na mayar masa da abinsa. Amma ni na ga dama ce ta zo har gida. Na ɗan gyara zama, na fito da madubi na maƙala a ido, na juya riyalin wajen haske. Na ma ɗora shi a kan yatsa na ƙwanƙwasa da cokalin shayi, duk da babu wanda ya tambaye ni ƙararsa.

Na ce, "Ammi, azurfa dai azurfa ce. Amma bugun ba shi da kyau ko kaɗan. Dubi gashin matar nan, kamar an shafe shi da man shanu. Duwatsun kafaɗa babu ko ɗaya da ya fito."

Ammi Usman ya ce, "Tayyib."

Wannan "tayyib" ɗin na ɗauke ta a matsayin ci gaba. Na ɗaga murya don na can baya su ji. Na ce raunin bugu ma da sauƙi, tun daga inda aka ƙera shi ya zo da shi. Babban laifin shi ne wani jahili ya samu toka da lemon tsami ya dirje shi kamar gindin tukunya, ga sawun dirzar nan birjik, ya kashe ɗan abin da ya rage. Wani dattijo daga Sudan, Malam Idrisu, da ke zaune kusa da ni ya taɓa gwiwata ya ce, "Halas, ɗana, ya isa." Na ɗauka so yake ya karɓa ya gani, sai na ce masa ya dakata tukuna.

"Ammi, wanda ya sayar maka da wannan bai ji tsoron Allah ba."

"Ba saya na yi ba. Kyauta aka aiko mini."

Nan ma Allah ya buɗe mini ƙofar fita, na ƙi bi. Na yi 'yar dariya na ce, "To wallahi wanda ya aiko maka ya raina ka. Irin wannan ko huda shi aka yi aka rataya wa akuya, an yi masa gata."

Babu wanda ya yi dariya. Ammi Usman ya sake sa yatsu cikin jakar fatar, ya zaro wata takarda da ta sha ninki har ta yi laushi, ya miƙa wa Malam Idrisu ya ce shi idonsa ba ya gani sosai, Malam ya karanta. Malam Idrisu ya dube ni da tausayi, sannan ya karanta da Larabci a hankali: "Zuwa ga Ammi Usman. Wannan shi ne mafi kyawun abin da na mallaka, na wanke shi da hannuna don ya dace da kai." Sai ya faɗi sunan da ke ƙasa.

Sunana ne.

Sai a lokacin abin ya dawo mini. Shekarar da aka je neman auren, ina sabon shiga, riyalaina ba su fi na cikin tafin hannu ba, kuma ban san bugu ba, ƙyalli kawai na sani. Na zaɓi wanda ya fi girma a idona, na yini ina dirza shi da tokar murhun mahaifiyata, na ba ta ta haɗa cikin kayan gaisuwar Sallah. Tun daga nan ɗaruruwa sun bi ta hannuna, dukansu da kumatun sarauniya iri ɗaya, na manta da shi sarai.

Madubin yana nan maƙale a idona, na rasa yadda zan cire shi. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, kuma abin da ya fi ƙona ni shi ne duk abin da na faɗa a kan riyalin gaskiya ne. Ammi Usman ya karɓi abinsa ya mayar cikin jaka, ya ce a ƙaro gahawa. Ni kuwa na ce zan je alwala, na bi bayan injin ban ruwa na tsaya har aka kira Magariba.

A hanyar komawa yayan Safiya ya ƙarasa ni. Ya ce, "Ka san me ya sa ya fito da shi? So ya yi ya nuna wa dattawa irin ladabinka, daga nan ya sa rana."

Washegari na ɗauki riyalin da na fi ji da shi, mai bugun da har sarrafin nan ya taɓa roƙona in bar masa, na hau mota zuwa Awali. Na samu Ammi Usman yana gyara hanyar ruwa da fartanya. Na durƙusa na ba da haƙuri, na miƙa masa, har bakina ya fara cewa ya dubi gashin wutsiyar, na kama kaina. Bai ko karɓa ba.

"Mayar da abinka, ya waladi. Ni ban san bugu ba. Wanda ya aiko mini da wancan shi na yi niyyar ba 'yata. Je ka nemo mini shi."

Wata biyar na yi ina nemansa. Kowace Juma'a bayan sallah ina gonar, ina jan busassun rassan dabino, ƙaya na yi mini zane a hannu, bakina a rufe. Sai da aka gama tsinkar dabinon shekarar sannan ya aika wa manyana su zo a sa rana.

Har yau ina tara riyalai, kuma idona ya fi na da kaifi. Amma duk wanda ya miƙo mini nasa in duba, sai na fara tambayarsa wa ya ba shi. Idan ya ce kyauta ce, bugun ya yi kyau.