Cindo da Idon Shanun Uwarsa

A ƙauyenmu akwai wani Cindo, maƙwabcina, mutum mai gemu amma abin da aka faɗa masa shi yake yi, ba ragi ba ƙari. Shi da tsohuwarsa Inna Kyauta suke zaune, da shanu uku da ubansa ya bari. Nonon shanun nan shi ne cinsu.

Wata rana da damina ƙudaje suka kawo ciwon ido. Jar saniyar cikinsu ta kama hawaye, fari ya rufe mata ido ɗaya. Inna Kyauta ta ce ya wanke idon da ruwan gishiri har sai farin ya fita. Cindo ya ɗaure ta a turke, ya ɗauko soso. Tun hantsi yake dirza. Da azahar ya shigo hannu duk jini.

"Inna, farin ya fita. Baƙin ma ya biyo shi."

Raunin ya ruɓe, mahauta suka yanka ta.

Wata rana ta biyu ta kamu. Malamin dabbobi ya zo ya shafa mata magani, ya ce a sa ta a ɗaki, kada ta ga rana sai ya dawo. Rafi ya cika, malamin bai samu ƙetarowa ba sai bayan kwana tara, ga Inna Kyauta kwance da zazzaɓi. Cindo ya liƙe ƙofar da laka, don in ya buɗe ya ba ta ruwa rana za ta shiga. Wari ne ya sanar da mu ta mutu.

Wata rana malamin ya dubi ta ƙarshen, mai ciki, ya ce da Cindo cikin fushi ya nisanta ta da duk saniya mai ciwon ido. Cindo ya ja igiya ya fita. Duk garin da ya isa sai ya bi garke yana leƙa idanu, da ya ga mai hawaye sai ya ƙara gaba. Muka ce tsohuwa ta rasa ɗa da saniya, ni ce ma na fara faɗa.

Yana can ɓarayin daji suka shigo da rana tsaka, suka kore shanun ƙauyen kakaf, suka kashe mutum biyu.

Bayan wata guda sai ga Cindo, ƙafa duk faso, saniya da ɗan maraƙi na biye da shi.

"Inna, nan akwai mai ciwon ido?"

"Babu ko ɗaya, ɗan nan. Ɗaure ta."

Da safe muka yi layi a ƙofarsu da ƙore a hannu, muna roƙon nono. Ni ce ta huɗu.