Mai Janyo Landan da Igiyar Guga

Wani ne a wani ƙauye can bayan Tsiga, shekarun da aka samu mulkin kai, son rediyo ya kama shi kamar zazzaɓi. Abin da ya mallaka a duniya jaki ne guda, ƙaton jaki mai baƙin kuka, wanda ke ɗauko wa matarsa Sabuwa ruwa da itace. Ran kasuwar Funtuwa ya kora jakin gaba da sassafe, da la'asar ya dawo da akwati a ka.

Sabuwa ta leƙa bayansa, ta ce, "Malam, ina jakin?"

Ya sauke akwatin a hankali, ya ce, "Ga shi nan. Musaya muka yi da Labo mai rediyo. Daga yau Landan za ta riƙa magana a gidan nan."

"Landan ce za ta ɗebo mini ruwa?"

"Ke ba ki san zamani ba. Kuma Labo ya ce in har kasuwa ta zagayo bai kama Landan ba, in mayar masa in karɓi jakina."

Sabuwa ta ce, "Madalla. Ni da kaina zan mayar."

Kafin magariba ya bi gari gida gida ya shaida wa kowa. Har surukinsa, tsoho Baƙo, ya gayyata, ya ce jajibirin kasuwa a zo a ji Turawa suna Hausa daga ƙasarsu. Da ya dawo ya murɗa akwatin, sai Kaduna. Ya murɗa dama, Kaduna. Ya murɗa hagu, Kaduna. Ransa ya ɓaci ƙwarai, don Kaduna ai nan kusa take, ko ɗan ci-rani ya je ya dawo.

Washegari ya taka har Funtuwa da ƙafa, tunda jaki ya zama akwati. Labo ya miƙo masa ƙullin waya, ya ce, "Eriya yake so. Ka ɗaura masa wannan, ka kai ta kan itace, sama sosai. Doguwar waya ta fi jin nesa."

Mutumin ya karɓi wayar, ya ce, "Na gane. Kamar guga ke nan. In rijiya ta yi zurfi, sai a ƙara igiya."

Labo yana can yana ciniki da wani, ya ce, "To, kamar haka."

Ya dawo ya hau durumin ƙofar gida ya ɗaura. Ya murɗa, sai ga wani yana Turanci can ƙasa ƙasa, aka ce masa Ikko ce. Ya zauna ya yi lissafi irin na mai haƙar rijiya: in durumi ya kawo Ikko, to Landan sai an dangana da rafi.

Waya ta ƙare. Ya koma Funtuwa bayan injin gurzar auduga ya tsinto guntayen wayar ɗaurin dilar auduga, ya ƙulla, su ma suka ƙare. Ya kwance igiyar shanyar Sabuwa ya haɗa. Ya haɗa da igiyar gugarta. Ya haɗa da igiyar ɗaurin jakin, tunda ba ta da aiki. Damina ce, kowa ya ɗaure awakinsa a turke, shi kuwa ya kwance nasa don yana bukatar igiyar, suka faɗa gyaɗar maƙwabta suka yi sallah.

Sabuwa ta ce, "Malam, igiyar rama ce fa. Magana na bin rama?"

Ya ce, "Ruwa ma da ya fi magana nauyi, ba ita ke janyo shi ba?"

Daga durumi ya kai kuka, daga kuka ya kai ɗorawa, daga ɗorawa ya tsallaka burtali ya ɗaure a giginyar bakin rafi. Yana zaune a zaure yana murɗawa, sai ya ga akwatin ya motsa. Ya ƙara motsawa. Ya zame daga kan turmi, ya nufi ƙofa da kansa.

Ya daka tsalle, ya ce, "Sabuwa! Sun kama can gefen! Suna ja!"

Ya rungume akwatin ya turje, aka ja shi har waje a kan gwiwa. Ya bi waya yana haki har burtali, ya tarar da Buba makiyayi yana warware igiya daga ƙahon wani bijimi.

Buba ya ce, "Malam, tarkon me ka kafa a hanyar shanu?"

"Landan nake kamawa."

Buba ya dubi bijimin, ya dubi mutumin, ya ce, "Wannan dai daga Maska yake."

Jajibirin kasuwa gari ya taru a ƙofar gidansa da la'asar. Aka shimfiɗa wa tsoho Baƙo buzu a gaba. Hadari ya haɗo daga gabas, ana walƙiya nesa nesa. Mutumin ya gyara hula, ya yi bismillah, ya murɗa.

Akwatin ya ce shuuuu, tas, tas, shuuuu, cuwai.

Kowa ya kasa kunne. Mutumin ya saurara, ya saurara, sai idanunsa suka fito. Ya yi wuf ya kashe.

Baƙo ya ce, "Lafiya?"

Ya sunkuyar da kai, ya ce, "Baba, an yi abin kunya. Waya ta yi yawa. Mun wuce zauren Landan, mun faɗa cikin gida. Ba ka ji suya suke yi ba? Madafar matan mutane ce."

Tsoho ya janye buzunsa baya, ya ce, "Subhanallahi. Ka yi sallama kuwa?"

"Ban yi ba, Baba."

"To yi."

Ya kunna a hankali, ya kawar da fuska gefe, ya ce, "Salamu alaikum. Ko maigidan na nan?" Akwatin ya ce tas, tas, cuwai. Ya sake sallama, ya kuma sakewa, ba wanda ya amsa.

Baƙo ya ce, "Sun yi fushi. Ja da baya zuwa zaure, inda maza ke magana."

Ya ɗauki lauje ya ruga bakin rafi ya yanke daga giginya. Ya dawo ya kunna, suya. Ya ruga ya yanke daga ɗorawa, ya dawo, suya. Ya yanke daga kuka, har yanzu mai na tafasa. Ya share gumi, ya ce, "Kai, gidan nan da zurfi yake! Kuma tun ɗazu ba su sauke kasko ba, ko biki ake yi?"

Ya hau durumi ya yanke ta ƙarshe. Ya kunna. Can cikin suyar sai ga murya, kowa ya matso. Kaduna ce, tana faɗin yadda ake feshin auduga.

Mutane suka kaɗe riguna suka watse kafin ruwa ya sauko. Baƙo ya naɗe buzunsa, ya ce a gaishe su in an sake komawa.

Da gari ya waye, Sabuwa ta tattara igiyoyinta, ta yi gammo, ta ɗora akwatin a ka, ta kama hanyar Funtuwa. Mutumin ya biyo ta da guntuwar waya a hannu, kamar zai yi kuka.

"Haba, Sabuwa, ki yi haƙuri! Na gano tsawon yanzu. Tsakanin durumi da kuka zauren yake, kamu ɗaya ko biyu kawai za a ƙara!"

Ko waiwayowa ba ta yi ba, ta ce, "Jakina ba waya, ba batir, in ya buɗe baki har Malumfashi ake kama shi."